Ƙyalli

ƙyalli (sn., nj.) 1. Hasken da abu mai santsi ke mayarwa idan rana ko fitila ta doke shi: Bayan ruwan sama, duwatsun Garu a Dutse sai ƙyalli suke yi. 2. A ilimin duwatsu, ƙyallin bakan gizo: launukan da ke sauyawa a jikin dutse idan an juya shi. Ana ganinsa a wasu duwatsun da zafi da matsi suka rikiɗar a ƙarƙashin ƙasa, masu ma'adinan amfibol. Yayin da dutsen ke hucewa, amfibol iri biyu, antofilait da jedirait, sukan rabu su jeru falle-falle, sirara ƙwarai. Haske na ratsa fallayen ya dawo, sai ido ya ga ruwan zinariya ko shuɗi ko kore a kan baƙin dutse. Sanannen misali shi ne numait na kusa da birnin Nuuk a Girinlan, wanda ake gogewa a yi kayan ado da shi. Kada a haɗa biyun: ƙyallin tsakuwar gini ta Dutse na ma'ana ta farko ne, don launinsa ba ya sauyawa. Duba: sheƙi, walƙiya.