Baƙuncin Wakilan Arewa a Ikko, 1953

Tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951 ne ya kafa Majalisar Wakilai ta Nijeriya a Ikko, wato Legas. Zaɓaɓɓun wakilai 136 ne a cikinta: Arewa na da 68, Gabas 34, Yamma 34. Yawancin na Arewa ma'aikatan En'e ne, hakimai da malaman makaranta da 'yan majalisar sarakuna, mutanen da a garuruwansu ake durƙusa musu.

Idan lokacin zama ya yi, sai wakili ya bar iyalinsa ya hau jirgin ƙasa daga Kano ko Zariya ko Kaduna. Daga Kano tafiyar mil 700 ce, a ƙetare Kwara a Jebba, a sauka a tashar Iddo. Can zai tarar da gumi maimakon busasshiyar iskar gida, da teba da manja maimakon tuwo, da titunan da ba wanda ya san ko shi ɗan wane ne. Hausawan da yake iya gani su ne irin fataken goro na Agege. Muhawara da Turanci ake yi, kuma a ɗaya ɓangaren zauren akwai lauyoyi da 'yan jarida da suka yi karatu a Ingila da Amurka. Da safe in ya buɗe jaridun garin, sau da yawa abin da zai karanta shi ne cewa shi da 'yan'uwansa 'yan amshin shatan Turawa ne. Ministoci irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim, su zaman nasu ma na dindindin ne.

Ranar 31 ga Maris 1953 tura ta kai bango. Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun 'yan boko, in aka yi gaggawa ofisoshinta za su koma hannun wasu. Wakilan AG da NCNC suka fice daga zauren, ministocin Yamma huɗu suka ajiye aiki. Da wakilan Arewa suka fito, jama'a suka yi musu ihu da zagi, haka kuma aka yi ta yi musu a tashoshin Kudu da jirginsu ya tsaya a hanyar komawa.

Wannan wulaƙanci ya riga su isa gida. A watan Mayu, da Samuel Akintola ya shirya kai tawagar AG Kano, rikici ya ɓarke tsakanin mutanen birni da Fagge da mazauna Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, aƙalla mutum 36 suka mutu. A cikin watan ne majalisun Kaduna suka amince da buƙatu takwas waɗanda kusan ballewa ce: kowace jiha ta riƙe al'amuranta, a bar wa tsakiya tsaro da harkokin waje da kwastan.

Ingila ta kira taro a London a watan Yuli, daga nan aka samu tsarin Lyttelton na 1954 wanda ya mai da Nijeriya tarayya. Gabas da Yamma suka sami mulkin kai a 1957, Arewa a 1959, ƙasa baki ɗaya a 1960.

Littattafan tarihi sun fi kawo ƙudurori da tarurruka. Amma mu da muka san zaman baƙunci mun san abin da ihu a titi yake yi wa mutumin da ke nesa da gida. Tarayyar da ake gardama a kanta har yau, wani ɓangarenta a cikin wancan jirgin komawa aka yanke shawararsa.