CROATOAN: Sunan Garin da Sinima ta Mai da Surkulle

Masu kallon finafinan ban tsoro daga cikinmu sun san wanga zubi: ƙauye can bayan duniya, gida ɗaya a bakin daji, iyali sun kwana an wayi gari babu su, sai wata kalma da anka iske rubuce jikin itace. Amurkawa sun sha yin finafinai bisa wanga zubi, kuma kalmar da sunka fi maimaitawa ita ce CROATOAN. A 2007 anka yi wani fim na talabijin mai suna Wraiths of Roanoke, inda fatalwoyin mayaƙan Viking ke bin wasu baƙi Turawan Ingila suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da wani Ananias Dare da matarsa. A 2016 shirin American Horror Story ya ware zango guda a kan labarin: miji da mata sun sayi tsohon gida a ƙauyen Karolina ta Arewa, ɗiyar ƴar'uwar mijin ta ɓace cikin daji, kuma wani mai duba yana kururuwar "Croatoan" don ya kori fatalwa. A shirin Supernatural kuwa, tun 2006, sunan wata cuta ce ta aljanu wadda ke share gari kaf.

To ƴan uwa, iyalin Dare mutane ne na gaske, kuma da gaske an neme su an rasa. Amma kalmar nan tana da ma'ana a fili, wanda ya fara karanta ta bai ji tsoro ba, murna ma ya yi. Bari mu bi tarihin mu ga inda tsoron ya shigo.

Kafin iyalin su iso

A 1584 Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta ba Walter Raleigh izinin kafa mazauni a gaɓar Amurka. Jiragensa biyu sunka isa wani tsibiri da ake kira Roanoke, a jihar Karolina ta Arewa ta yanzu, sunka koma Landan da mutum biyu ƴan ƙasar: Manteo, mutumin tsibirin Croatoan, da Wanchese. Wani masani Thomas Harriot ya zauna da su yana koyon harshensu, wanda ke cikin dangin harsunan Algonkiya. Da ya ga baƙaƙen Turanci ba su ɗaukar sautukan harshen, sai ya ƙago nasa haruffa 36 bisa yadda baki da harshe ke motsi. Mu da ke fama da darasin furuci mun san wahalar wanga aiki, balle a wancan zamani.

A 1585 anka aiko maza sama da 100 ƙarƙashin wani soja Ralph Lane. Zamansu bai yi daɗi ba ko kaɗan. Kofin azurfa guda ya ɓace, saboda shi Turawan sunka ƙone ƙauyen Aquascogoc da gonakin masararsa. Abinci kuwa a hannun ƴan ƙasa sunka dogara, yau roƙo gobe ƙwace. A watan Yuni 1586 mutanen Lane sunka kashe sarkin yankin, Wingina, sunka sare masa kai, sannan sunka bi jiragen Francis Drake sunka koma gida.

Akwai wani abu da Harriot ya rubuta cikin littafinsa na 1588 wanda finafinan ba su taɓa ɗauka ba. Ya ce garuruwan da Turawan sunka shiga, kwanaki kaɗan bayan fitarsu sai mutane su kama mutuwa, wani gari ashirin, wani arba'in, wani sittin, wani har ɗari da ashirin. Cuta ce baƙin sunka kawo, wadda jikin ƴan ƙasa bai saba da ita ba. Su kuwa mutanen, da sunka ga su kaɗai ke mutuwa, wasunsu sunka ɗauka cewa baƙin na harbinsu daga nesa da harsashin da ido ba ya gani. Ke nan in ana neman waɗanda sunka fara ganin abin tsoro a Roanoke, ƴan ƙasa ne, kuma Turawan ne dodon labarinsu.

Iyalin Dare

A 1587 Raleigh ya sake gwadawa, wannan karo da iyalai: mutum wajen 115, cikinsu mata 17 da yara. Shugabansu John White, mai zane ne, ya taɓa zuwa ƙasar. Ya taho da ɗiyarsa Eleanor, tana da tsohon ciki, da mijinta Ananias Dare. Niyyarsu su wuce gaɓar Chesapeake can arewa, amma matuƙin jirgin, Simon Fernandes, ya sauke su a Roanoke cikin watan Yuli ya ƙi gaba. Wato an ajiye mata da yara a daidai yankin da anka sare kan sarki bara.

Ba a yi kwana goma ba anka harbe ɗaya daga cikinsu, George Howe, da kibau yana kamun ƙaguwa. White ya shirya ramuwa, ya kai hari da asuba a wani ƙauye, ashe masu laifin sun riga sun gudu, waɗanda ya afka wa dangin Manteo ne, abokansu kaɗai a ƙasar. Duk da haka Manteo bai juya musu baya ba. Ranar 13 ga Agusta anka yi masa baftisma. Ranar 18 ga wata Eleanor ta haihu, anka sa wa ɗiyar suna Virginia, ita ce ɗiyar Turawan Ingila ta farko da anka haifa a Amurka.

Abinci bai isa ba, lokacin shuka ya wuce. Jama'a sunka matsa wa White ya koma Ingila ya kawo guzuri. Kafin ya tafi sunka yi yarjejeniya, kuma a nan nake so mu tsaya, don ita ce makullin zancen. In sun bar wurin, za su sassaƙa sunan inda sunka nufa a jikin itace ko ginshiƙi. In cikin tashin hankali sunka tashi, za su ƙara alamar gicciye bisa sunan. White ya shiga jirgi ƙarshen Agusta, jikanyarsa na da kwana tara a duniya.

Ya yi zaton wata ƴan kaɗan zai yi, sai ya shekara uku. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Sipaniya, a 1588 rundunar jiragen Sipaniya ta tunkaro Ingila, anka hana manyan jirage fita. White ya samu wasu ƙanana biyu, ƴan fashin teku Faransawa sunka tare su sunka washe kayan, ya koma da rauni. Sai a Agusta 1590 ya iso, shi ma a jirgin masu farautar dukiyar Sipaniya anka rage masa hanya. Wajen shiga gaɓa wani kwalekwale ya kife, mutum bakwai sunka nutse. Da dare sunka matso kusa da tsibirin, sunka busa ƙaho, sunka rera waƙoƙin gida don a amsa musu. Shiru.

Da safe, ranar 18 ga Agusta, ranar da Virginia ke cika shekara uku, sunka sauka. A jikin wani itace sunka ga haruffa uku: CRO. Wurin zaman an kewaye shi da shingen gungume, irin wanda kakanninmu ke ce wa kafi, kuma a ginshiƙin bakin ƙofa an sassaƙa CROATOAN cikakke. Babu alamar gicciye. Babu gawa, babu kabari. Ɗakunan an kwance su an kwashe, ƙananan jiragensu ma babu. Akwatunan White da anka bizne ne kawai anka tone, ruwa ya lalata masa littattafai da taswirori.

White ya rubuta cewa ya yi farin ciki ƙwarai, don ya samu tabbacin suna lafiya a Croatoan, garin Manteo, wanda ba ya wuce kilomita 80 kudu. Sunka shirya zuwa washegari. Guguwa ta taso, igiyoyin da ke tsai da jirgin sunka tsinke, matuƙa sunka ce ba su iyawa, anka juya. White bai sake taka Amurka ba.

Bayan haka

Ba a yi wani nema na kirki ba sai bayan an kafa Jamestown a 1607. Mutanen can sunka ji labarai iri-iri daga ƴan ƙasa: wasu sun ce akwai masu tufafi irin na Turawa a cikin ƙasa, wani marubuci William Strachey kuma ya ce sarki Powhatan ya sa an kashe mafi yawansu bayan sun daɗe zaune cikin wata ƙabila. Shekara ɗari bayan haka John Lawson ya ratsa yankin, cikin littafinsa na 1709 ya ce mutanen tsibirin Hatteras, wato Croatoan ta da, sun faɗa masa wasu kakanninsu farare ne masu iya karatun littafi, kuma shi da kansa ya ga masu idanu ruwan toka a cikinsu.

Binciken zamani ya ƙara haske. A 1998 masana sunka duba zoben da ke cikin gangar tsofaffin itatuwan yankin, wanda ke nuna ruwan da anka samu kowace shekara, sunka gano cewa 1587 zuwa 1589 su ne shekaru ukun da sunka fi fari cikin shekara 800. Mu ƴan Sahel ba sai an yi mana dogon bayani ba. Iyayenmu da sunka ga 1973 da 1984 sun san mi fari ke sa mutum: ya cire ƙyaure da azara, ya ɗauki iyali ya nufi inda yake da sani. A 2012 anka haska taswirar White da ke gidan tarihin Birtaniya, anka ga alamar sansani ɓoye ƙarƙashin wani faci, can cikin ƙasa inda koguna ke haɗuwa. A Hatteras kuma masu tono sun samu mariƙin takobi da allon rubutu na dutse, irin ardwaz ɗinmu ta firamare, haɗe da kayan ƴan ƙasa. Masana tarihi har yau suna gardama kan waɗannan kaya, don wasu na iya zama na fatauci da sunka shigo daga baya. Amma akasarinsu sun fi karkata ga cewa mutanen sun rarrabu, wasu sun mutu, sauran sun shige cikin ƴan ƙasa.

Inda tsoron ya shigo

In haka ne, mi ya kawo fatalwa? Sai mu duba zamanin da anka raya labarin. A ƙarni na 19 marubutan Amurka sunka tono sunan Virginia Dare sunka mai da ita alamar tsarkin farar fata. Ƙasar kuwa tana da dokokin hana aure tsakanin launuka, Karolina ta Arewa ta kafa tata tun 1715, kuma sai a 1967 kotun ƙoli ta soke irinsu a Amurka baki ɗaya. A irin wanga yanayi, a ce ɗiyar farko ta Ingilishi ta girma tana magana da harshen Manteo, ta auri ɗan ƙasa ta haifa masa ɗiya, zance ne mai nauyi a kunnen jama'a. A 1901 wata marubuciya Sallie Southall Cotten ta wallafa doguwar waƙa inda bokan ƴan ƙasa ya rikiɗar da Virginia ta koma farar barewa. Kun ga dabara: gara ta zama dabba da ta zama matar ɗan ƙasa. A 1937 anka fara wasan kwaikwayon The Lost Colony a tsibirin, kuma a shekarar anka fito da wani dutse wai da rubutun Eleanor. Da anka sa lada sai duwatsu sunka yi ta fitowa har fiye da arba'in, kafin wata jarida ta tona a 1941 cewa na bayan jabu ne. Finafinan yau gadon wanga layi sunka ci, bokan ne kawai ya koma aljani.

A fannin harshe abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Sunan wuri yana aiki ne muddin mai karatu ya san wurin. In maƙwabcinka ya tashi ya rubuta "Tasawa" da gawayi a bangonsa, kai ka san inda za ka same shi. Baƙon da bai taɓa jin sunan ba, haruffa shida kawai zai gani a kangon gida, ransa ya raya masa abin da ya ga dama. Croatoan ta rasa masu sanin ta ta hanya biyu. An sauya wa tsibirin suna ya koma Hatteras. Harshen Manteo kuma ya mutu, cuta da yaƙi da ƙwacen ƙasa sun cinye masu shi, kuma mafi yawan abin da Harriot ya tattara ya salwanta. Sai sautin ya rage shi kaɗai, baƙo a kunnen mai jin Turanci, kuma sautin da mutum bai gane ba shi yake kira surkulle.

Saboda haka ɓacewa biyu ce anka yi a Roanoke. Ta mutum 115 an yi mata wasan kwaikwayo, an yi mata finafinai, an sa wa gunduma sunan Dare. Ta al'ummomin da sunka ciyar da su kuwa, da harshensu, ba ta samu fim ba, sai garuruwa biyu a tsibirin masu suna Manteo da Wanchese. Ba cewa nake mu bar kallon finafinan tsoro ba, ni ma ina kallo. Amma mu da ke da niyyar rubuta tarihin garuruwanmu, da yawan abin da za mu karanta baƙi ne sunka rubuta shi, waɗanda ba su jin harshen mutanen da suke bayani a kai. Duk inda munka iske sun ce abu kaza tsafi ne ko asiri ne, ya kamata mu koma mu tambayi masu harshen mi kalmar ke nufi a bakinsu, tun suna raye.