Lauya, aboka, da mai ajiyar hatimi

Duk wanda ya saba sauraron labaran Hausa a rediyo a Yamai ya san ana iya kiran mutum ɗaya da suna uku kafin rana ta faɗi. Tashar da ke magana da bakin Kano ta ce lauya, ta gida ta ce aboka, takardar gwamnati kuma ta sa masa laƙabin Faransanci da ake furtawa Metir a gaban sunansa. Na daɗe ina ɗaukan wannan bambancin lafazi ne kawai, irin na mota da kamiyo. Daga baya na gane sunayen suna ɗauke da amsar tambaya mai nauyi: wa wannan mutum yake yi wa aiki?

Lauya daga Ingilishi ta zo, asalinta mai sana'ar doka. Amma ta iske 'yar gida mai kama da ita, wato lauya ta aikatau, kamar a ce ya lauya ƙarfe ko ya lauya zance. Kunnen Bahaushe ya haɗa su, shi ya sa har yau wasu dattawa ke ganin lauya a matsayin mai murɗe gaskiya don a biya shi. Kotun alƙali ta dā ba ta san shi ba. Ta san mai ƙara, da wanda ake ƙara, da shaidu, da muhuti, da wakili idan mutum ba zai iya zuwa da kansa ba. Aboka kuwa ta biyo Faransanci, tushenta Latin, ma'anarta wanda aka kira ya zo ya tsaya wa mutum. A ganina ta fi lauya faɗin ainihin aikin. Shugaban ƙungiyar abokoki a Yamai kuma sunansa batoniye, daga kalmar sanda, domin a tsohuwar Faransa shi ke riƙe sandar ƙungiyar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san sandar girma.

Inda zancen ya fi rikicewa shi ne idan mai ilmin doka ya shiga gwamnati. A Najeriya ana cewa Antoni Janar, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa shi ne babban lauyan tarayya, minista ne a lokaci guda, dole kuma ya kai shekara 10 da zama lauya. Antoni ba sunan mutum ba ne. Kalma ce da Ingilishi ya ara daga tsohon Faransanci, ma'anarta wanda aka naɗa ya wakilci wani, wato wakili. Janar ɗin ma ba na soja ba ne, sifa ce mai nufin na kowa da kowa. A Nijar, ƙasar da ta ga Janar Seyni Kountché, da Ali Saibou, da Baré Maïnassara, da Salou Djibo, da Abdourahamane Tiani, kunne ba zai ji janar ya tuna da rigar kotu ba, don haka gara a faɗa a fili: wakilin jama'a baki ɗaya.

Amurka ta kafa wannan muƙami a 1789, Edmund Randolph ne ya fara riƙe shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin magadansa shi ne Elliot Richardson, lauyan da ya riƙe ma'aikatu huɗu: lafiya da ilmi, tsaro, shari'a, da kasuwanci. Ranar 20 ga Oktoban 1973 Shugaba Nixon ya umarce shi ya kori Archibald Cox, mai binciken badaƙalar Watergate. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Abin da ya yi fassara ce ga sunan muƙaminsa: idan wakili ne, to wakilin wa, na shugaba ko na ƙasa?

Nijar ba ta da Antoni Janar. Tana da ministan shari'a, wanda ake ƙara masa laƙabin da ta gada daga Faransa, mai ajiyar hatimi. Laƙabin ya samo asali daga jami'in da ke riƙe hatimin sarki, wanda sai ya buga shi takarda take zama umarni. Bahaushe ya san wannan tun kafin zuwan Turawa, wasiƙar sarki marar hatimi takarda ce kawai. Ministan nan ba shi ke tsayawa gaban kotu ba. Masu shigar da ƙara da sunan ƙasa su ne furokira, kuma su da masu yanke hukunci, waɗanda ake ce wa juju a nan, joji a Najeriya, duk 'yan gida ɗaya ne, majistare. Faransawa na raba su da cewa akwai na zaune da na tsaye, domin mai hukunci a zaune yake, mai tuhuma kuwa miƙewa yake idan zai yi magana. Na tsayen suna ƙarƙashin ministan, na zaunen doka ce kawai ya kamata ta zama ubangidansu.

Shekarar 2009 ta gwada waɗannan sunaye a Yamai. Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin wa'adi bayan biyun da tsarin mulkin Nijar na 1999 ya ba shi, magoya bayansa suka ɗauko kalmar tazarce, wadda ta yi tashe a Najeriya zamanin Abacha. Shugabar kotun tsarin mulki a lokacin ita ce Salifou Fatimata Bazèye. Ranar 12 ga Yuni kotunta ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama kan tazarcen, ranar 29 ga watan Tandja ya rushe kotun. Na sha jin ana ce mata lauya, kuma kuskure ne da ke rage mata daraja. Lauya roƙo yake yi, yana iya cin nasara ko ya faɗi. Ita majistare ce ta zaune, hukunci ta yanke, shi ya sa ba a iya kayar da ita da hujja ba sai da rushe kujerar. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ita aka ba shugabancin majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya.

A wajen kotu kuma akwai Marou Amadou, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam da ya karanci doka, wanda aka kama a watan Agustan 2009 saboda adawa da tazarce. A 2010 ya shugabanci majalisar tuntuɓa ta ƙasa, a Afrilun 2011 Shugaba Mahamadou Issoufou ya naɗa shi ministan shari'a, mai ajiyar hatimi, kuma kakakin gwamnati. Ya yi kusan shekara 10 a ma'aikatar. Mutumin da furokira suka tuhuma jiya ya zama ubangidan furokira. Laƙabinsa na uku ne ya fi damuna. Kakaki a fada kayan busa ne, dogon ƙarfen da ke yi wa sarki kirari, kuma mun ari sunansa mun ba mai magana da yawun hukuma. Hatimi amana ce ta ƙasa, kakaki muryar masu mulki ce. Haɗa su a hannu ɗaya, ko na wane ne, yana sa talaka ya kasa bambance lokacin da doka ke magana da lokacin da gwamnati ke yi.

A watan Maris na 2025 sabon kundin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Ke nan nan gaba za a buƙaci rubuta waɗannan muƙamai da Hausa a takardun hukuma. Ina fata masu wannan aiki ba za su kwaso Antoni Janar daga maƙwabta su liƙa wa muƙamin da ba shi ba ne. Ga abokoki, wakili ta daɗe a kotun alƙali, ana iya farfaɗo da ita. Ga furokira, mai gabatar da ƙara ta riga ta zauna a bakin 'yan jarida. Mai ajiyar hatimi kuwa a bar ta yadda take, ko a ce ma'ajin hatimi, tunda Hausa ta san ma'aji mutum ne da ake ba ajiyar abin da ba nasa ba.