Jaridar Ɗalibai a Arewacin Zamfara: Martani ga Masu Cewa Zamaninta Ya Wuce

Wani ra'ayi ya fara zama ruwan dare a tsakanin malaman aikin jarida, wai jaridar ɗalibai wurin koyon sana'a ce kawai, kuma tun da Facebook da WhatsApp suka shigo aikinta ya ƙare. Wani abokin aikina ya maimaita haka kwanan baya, har ya ƙara da cewa kuɗin takarda da tawada asara ne. Da shi nake wannan muhawara.

Tarihin sananne ne. A Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, Chinua Achebe ya yi editan University Herald, J. P. Clark kuma ya kafa The Horn a 1958. A Arewa, masu karatu sun riga sun saba da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato. Abokin nawa yana ganin sunayen Achebe da Clark sun tabbatar da maganarsa, tunda a jaridun ɗalibai suka goge alƙalami. Amma mai bincike a yau yana buɗe waɗannan shafuka ne don ya ga abin da ke zukatan ɗalibai gab da samun 'yancin kai a 1960. Wannan aikin adana tarihi shi ne, a ganina, ya tsallake.

Batun waya kuwa, mu mutanen Moriki da Zurmi da Shinkafi muna da abin faɗa. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, yankinmu ya daɗe fiye da haka. Ɗalibin da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda yana riƙe da waya, amma ba saƙo ba kira. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa na makaranta ya san abin da takarda ke yi a irin wannan rana: an manna ta da gam, gefenta ya fara naɗewa saboda rana, mutum goma sun yi cirko-cirko, na gaba yana karanta wa na baya.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi da tsoro. Ya ce hukumar makaranta ce ke biyan kuɗin bugu, don haka jaridar ba za ta ciji hannun da ke ciyar da ita ba. Ya ce kuma a yankin da ake satar mutane, sa sunan ɗalibi a ƙarƙashin rahoto jefa shi cikin haɗari ne. Ban musa ba. Bayan sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida a Satumba 2023, babu mai hankalin da zai tura yaro farautar labarin 'yan bindiga. Dole in taƙaita da'awata a nan. Ba na cewa jaridar ɗalibai za ta kare kowa, ko ta tsaya wa hukuma ido da ido kullum. Abin da hujja ta ɗauka shi ne, rahoton da ke da kwanan wata da editan da za a iya tuhuma ya fi saƙon murya da ake turawa daga waya zuwa waya ba a san mai shi ba. Ji-ta-ji-ta ta sha tayar da hankalin iyaye a garuruwanmu, kuma mai yiwuwa ne shafi ɗaya da aka tantance ya rage wannan.

Ina kira ga manyan makarantun Zamfara su bar ɗalibai su buga jaridarsu, su ware shafi da Hausa don iyayen da ke Moriki su iya karantawa, kuma ɗakin karatu ya ajiye kofi ɗaya na kowace fitowa.