Yarda da Kai da Nasarar Ɗalibin Malanta a Gabashin Sakkwato

Yarda da kai, a ma'anar da masana halayyar ɗan Adam ke nufi, ita ce tabbacin da mutum yake da shi cewa zai iya wani aiki takamaimai, kuma ta sha bamban da girman kai ko cika baki. Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya shimfiɗa wannan ra'i a 1977, ya nuna cewa tana tsirowa daga tushe huɗu, wato nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, da ganin tsaransa ya iya, da ƙarfafa gwiwa daga na gaba, da kuma halin da jiki ke shiga lokacin aiki, kamar faɗuwar gaba. Na farkon kuwa ya fi sauran ƙarfi.

Akan tarar da yarda da kai da maki mai kyau tare a wurin ɗalibi ɗaya, sai dai haɗuwarsu ba ta nuna wanne ya haifi wani ba, domin makin ma yana gina ta. Ɗalibin da ya baro Wurno ko Rabah ko Goronyo ya tafi Sakkwato neman shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya, sau da yawa yakan shiga kwalejin ilimi ne bayan bai sami gurbi a jami'a ba, ga shi kuma darasi da jarrabawa da Turanci ake yin su. Saurayin da zai bayyana noman ranin albasa a ƙasan madatsar ruwan Goronyo da Hausa ba gargada, shi ne zai yi gum a aji, malaminsa ya ɗauka rashin hazaƙa ne, alhali harshe ne ya ɗaure shi. Babban abin damuwa shi ne, gwajin koyarwa, inda ɗalibi ke riƙe alli a gaban yara ya ga sun fahimta, yakan zo a shekara ta uku, bayan an riga an rubuta yawancin makinsa, wato tushe mafi ƙarfi yana isowa a makare.

Yankin yana da abin dubawa a tarihinsa. Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno, takan koya wa jaji, wato jagorar mata 'yan taru, waƙoƙin karantarwa da Hausa ko Fulatanci, ta ɗora mata malfa a bainar jama'a, sannan ta mayar da ita ƙauyensu ta karantar, ta yadda koyo da gwadawa da yabon na gaba suke tafiya a lokaci guda. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, aji ya fara riƙewa a Midil ta Sakkwato kafin a ba shi hakimcin Rabah a 1934.