Babbar Ruga da Tarihin Sa Allah Gaba a Rayuwar Kiristocin Katsina

Duk wanda ya ɗauko zancen tarihin addini a birnin Katsina, abin da zai fara zo masa a rai shi ne hasumiyar Gobarau, da Wali Ɗan Marina, da Wali Ɗan Masani, da sauran malaman da suka sa sunan garin ya kai nesa wajen ilmin Musulunci. Wannan kuwa daidai ne. Amma a gefen wannan babban tarihi akwai wani ƙarami wanda ba a cika kulawa da shi ba, watau tarihin jama'ar Kirista 'yan ƙalilan da suka zauna a wannan gari, da yadda suka fahimci abin da suke kira sa Allah gaba cikin harkokin yau da kullum. Ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su san shi, domin yana nuna yadda addini yakan rayu a inda mabiyansa ba su da yawa, ba su kuma da mulki.

Labari mafi daɗewa da aka rubuta game da zuwan masu wa'azin Kirista Katsina shi ne na wasu limaman Katolika biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, waɗanda suka taso daga Tarabulus a shekarar 1710, suka biyo hanyar ayari ta Agadas. Sun iso Katsina, amma ciwo ya kama su, suka mutu a 1711, ba su bar majami'a ko almajiri ba. Daga nan sai aka yi shiru har kusan shekara ɗari biyu.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addininsu ba. Saboda wannan alkawari, Razdan-Razdan suka riƙa hana Turawan Mishan kafa tashoshi cikin biranen sarakuna. Ko Dokta Mila na Mishan ɗin C.M.S., wanda ya samu zama cikin birnin Zariya, daga baya sai da aka mayar da aikinsu Wusasa, bayan ganuwa. Kiristocin da aka fara gani a Katsina galibinsu baƙi ne daga Kudu, akawuna da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda suke taruwa ran Lahadi su yi sujada tsakaninsu.

Ƙofar da ta buɗe daga baya ba ta wa'azi ba ce, ta magani ce. Kuturta ta yi yawa a Jihar Arewa a wancan zamani, gwamnati kuwa ba ta da isassun likitoci. Saboda haka wajen shekarar 1937 aka shirya da Mishan ɗin S.I.M., wadda aka kafa tun 1893, ta karɓi aikin lura da kutare a Yadakunya ta Lardin Kano, da Amanawa ta Lardin Sakkwato, da Babbar Ruga, wadda take bayan birnin Katsina kan hanyar Batsari. Wannan ya faru ne zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. An kuwa gindaya wa 'yan Mishan sharuɗɗa: ba wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, ba kuma koya wa 'ya'yan Musulmi addini sai da yardar iyayensu.

To, a nan ne ma'anar sa Allah gaba ta ɗauki wata kama ta musamman. Tun da an taƙaita magana, sai aiki ya zama shi ne shaida. A tashoshin S.I.M. al'ada ce a fara da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da sassafe kafin a buɗe ɗakin magani. Sa'an nan a shiga wanke gyambo, da ɗaure miki, da yin allurar wani mai da ake tatsowa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, allura mai zafi wadda amfaninta kaɗan ne. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu ƙwayar dafson, wadda ta sa aka fara sallamar mutane da yawa sun warke. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, ya zo ya tarar da wanda zai taɓa shi da hannu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ma'aikacin ya gaskata.

Amma fa kada a ɗauka al'amarin ba shi da ƙura. Akwai Musulmi da yawa, har da wasu Turawan mulki, da suka ga cewa magani ya zama tarko, domin majinyaci ba shi da ƙarfin musu da wanda ke ba shi magani da abinci. Wannan suka tana da nauyi, masana tarihi kuma ba su yi watsi da ita ba. Sai dai abin da ya tabbata shi ne yawancin waɗanda suka yi jinya a irin waɗannan wurare sun koma gida da Musuluncinsu. Kaɗan ne suka karɓi Kiristanci, waɗannan kaɗan ɗin kuwa sun biya da tsada. Wani ya rasa gado, wani ya rasa matar aure, wani ya rasa wurin zama a gidan ubansa. Ga irin wannan mutum, sa Allah gaba ba karin magana ba ce, zaɓi ne tsakanin abin da ya gaskata da abin da zai ci.

Abu na biyu da ya ƙarfafa wannan rayuwa shi ne karatu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausar boko, aikin da Dokta Mila ya yi ɗawainiya a kansa tare da wasu 'yan Mishan da Hausawa mataimaka. Masu fassarar sun yi amfani da sunan Allah, da kalmomi irin su addu'a, da sujada, da zunubi, da tuba, watau kalmomin da maƙwabcinsu Musulmi ya sani. Saboda haka Kirista Bahaushe yakan ce in Allah ya yarda, yakan ce mun gode Allah, kamar kowa. Son karanta Littafin da kansa shi ya sa manomi ya zauna ajin yaƙi da jahilci da dare. Waɗanda suka iya karatu suka zama malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin magani, da masu bishara a ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Matazu, inda Kiristanci ya fi samun karɓuwa.

A 1954 majami'un da S.I.M. ta kafa suka haɗu suka zama ikkilisiyar E.C.W.A., ragamar aiki ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Wannan ya ƙara wa maganar sa Allah gaba wani nauyi, domin yanzu masu bi ne za su riƙe fastonsu. Manomi yakan ware ɗaya bisa goma na damman gero ko dawa tun kafin ya zuba saura a rumbu. Ƙungiyar Zumuntar Mata kuwa ita ce mai ziyarar marasa lafiya, da mai jego, da gidan makoki.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. Rikicin 1966 ya kori baƙi 'yan Kudu da yawa daga Katsina. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun Mishan. A watan Maris na 1987 tarzomar da ta tashi a Kafanchan ta bazu har Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u. A shekarar 2000 kuma Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, abin da ya jefa Kiristoci da yawa cikin zullumi game da matsayinsu. Duk da haka jama'ar ba ta watse ba. Angalikan sun kafa dayosis ta Katsina a 1990, Katolika kuma suka samu tasu a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, a matsayin bishop na farko.

Ita kuwa Babbar Ruga, tun daga shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya soma yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a can, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan magani a hannun gwamnati. Yawancin ma'aikatanta da majinyatanta Musulmi ne. Amma harsashin da aka ɗora ta a kai, watau karɓar wanda jama'a suka guje shi, yana nan. Abin da tarihin nan yake koya wa ma'aikacin ofis da ɗalibi, Kirista ne ko Musulmi, shi ne mutanen Katsina ba su auna iƙirarin kowa da yawan ambatonsa ba. Sun auna shi da yadda mai shi ya riƙe amana, da yadda ya yi da mara ƙarfi ranar da ya zo hannunsa.