Tsakanin Shinkafa da Teku: Tarihin Ƙauyukan Gaɓar Demak a Tsibirin Jawa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin rayuwar ƙananan ƙauyukan manoma da masunta da ke gaɓar arewa ta tsibirin Jawa a ƙasar Indonesiya, musamman na yankin Demak, gabas da birnin Semarang. Manufa ita ce a nuna cewa ƙauyen wannan gaɓa bisa ƙafa biyu yake tsaye, fadamar shinkafa da teku, kuma duk lokacin da wani mai ƙarfi daga waje ya karkata arzikin ƙauyen zuwa kasuwar nesa, ƙafa ɗaya ce take karyewa.

Asali da Tsarin Rayuwa

Demak ita ce daular Musulunci ta farko a Jawa, wadda Raden Patah ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, kuma har yau tsohon masallacinta yana nan ana ziyartarsa. A wancan zamani tashar jiragen ruwa ce, domin akwai mashigin teku da ya raba dutsen Muria da sauran tsibirin. Sannu a hankali koguna suka yi ta kwaso laka daga duwatsu suna zubawa, har mashigin ya cike wajen ƙarni na 17. A kan wannan sabuwar ƙasa mai taushi, wadda da kyar ta ɗara teku tsayi, aka kafa yawancin ƙauyukan da ake magana a kansu.

Iska ce ke raba wa mutanen ƙauye aiki. Daga wajen watan Disamba zuwa Fabrairu iskar yamma kan zo da ruwan sama mai yawa, teku ta yi fushi, kwale-kwale ya kasa fita. A da, a lokacin ne ake kaftu da ɓaunar gida, mata su jera cikin taɓo suna dashen shinkafa. Idan iska ta juya gabas, rani ya shigo, sai maza su koma kan koma da taru, a shanya kifi, wasu kuma su datse ruwan teku a filaye rana ta busar da shi ya zama gishiri. Tsakanin gona da teku akwai tafkunan ruwan zartsi da ake kira tambak, inda ake kiwon wani farin kifi mai suna bandeng, kuma gabansu akwai kurmin bakau, itatuwa masu saiwoyi cikin laka waɗanda ke karya ƙarfin igiyar ruwa.

Zaman jama'a ma yana da nasa makari. A da, dagacin ƙauye, wato lurah, ba ya da albashi sai gonar sarauta da yake ci muddin yana kan mulki. Suna da irin gayyarmu, suna ce mata gotong royong. Ran girbi kuwa, a da kowace mace a ƙauye tana da damar shiga gonar kowa da 'yar wuƙarta ta tafin hannu, ani-ani, ta yanki zangarniya ɗaya-ɗaya, a ba ta kasonta cikin abin da ta yanka. Wannan kaso, bawon, shi ne rumbun gwauruwa da marar gona.

Zamanin Turawan Holan

A shekarar 1808 Gwamna Daendels ya sa aka gina babbar hanya mai tsawon kusan kilomita 1,000 daga Anyer zuwa Panarukan, ta bi ta Demak, kuma da aikin tilas na talakawa aka yi ta, dubbai suka halaka. Bayan yaƙin Yarima Diponegoro na 1825 zuwa 1830 ya ƙarar da baitulmalin Turawa, sai Gwamna Johannes van den Bosch ya fito da tsarin noman dole a 1830. A takarda, kowane ƙauye zai ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsa don noma rake ko baba ko gahawa ko taba, a sayar wa gwamnati bisa farashin da ta yanka, marar gona kuma ya yi aikin kwana 66 a shekara. A aikace abin ya zarce haka, domin jami'an Turawa da sarakunan gargajiya duk suna da lada gwargwadon yawan amfanin da aka samu.

Illar ba a kan fili kaɗai ta tsaya ba. Rake yana son ruwan da shinkafa ke so, aikin dole kuma yakan faɗo daidai lokacin da manomi ke bukatar ƙarfinsa a tasa gonar. Saboda haka da damina ta ƙi, annoba ta biyo baya, sai yunwa ta auka wa Demak da maƙwabciyarta Grobogan a tsakanin 1849 da 1850, dubban mutane suka mutu, wasu suka yi ƙaura. A waɗannan shekaru kuwa ribar Jawa ce ke biyan babban kaso na kasafin kuɗin ƙasar Holan. Littafin Max Havelaar na 1860 ya tona asirin zaluncin a Turai, dokar filaye ta 1870 kuma ta fara rushe tsarin, sai dai kamfanonin sukari ne suka gaji gwamnati wajen hayar gonakin talakawa. Mamayar Japan ta 1942 zuwa 1945 ta zo da nata salon: ƙwace shinkafa da kwashe samari zuwa aikin tilas.

Bayan 'Yancin Kai

Gwamnatin Suharto ta baza sabon irin shinkafa mai saurin nuna tare da takin zamani da bashin noma, har ƙasar ta ciyar da kanta a 1984. Wannan nasara ce ba shakka, amma ba kowa ta yi wa daɗi ba. Sabon irin gajere ne, da lauje ake yankansa, mai gona kuma ya gwammace ya sayar wa ɗan kasuwa amfanin tun yana tsaye, shi kuwa ya kawo 'yan ƙwadagonsa kaɗan. Ta haka ani-ani ta kau, bawon ya ragu, matan ƙauye da yawa suka nufi birni neman aiki. A teku kuma manyan jirage masu jan taru suka yi ta share kifi, rikici ya ɓarke tsakaninsu da ƙananan masunta, har gwamnati ta hana irin wannan su a 1980.

Daga nan sai kasuwar jatan lande ta buɗe. A shekarun 1980 farashinsa ya tashi a Japan da sauran ƙasashe, mutane suka sare kurmin bakau, suka mai da fadamu tafkuna. An ci riba na ɗan lokaci, sannan cuta ta shiga tafkunan a shekarun 1990, aka tashi ba jatan lande, ba shinkafa, ba katangar itace. Daɗin daɗawa, masana'antun Semarang da kewaye suna zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyi masu zurfi, ƙasar mai taushi tana lotsawa da santimita da yawa kowace shekara, fiye da yadda teku kanta ke ƙaruwa.

Sakamakon a bayyane yake a gundumar Sayung. A ƙauyen Bedono an tashi unguwar Tambaksari a 1999, ta Rejosari Senik ta biyo baya a 2006, kabarin Shehu Abdullahi Mudzakir kuwa ya zama tsibiri, ruwa ya kewaye shi. A Timbulsloko an mai da tituna gadojin katako, magidanci yana cike ɗakinsa da ƙasa shekara bayan shekara har sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa. Wani abin mamaki shi ne, a tsakanin 2015 da 2020 da haɗin gwiwar injiniyoyin Holan aka kafa shingayen gora da ƙirare a bakin ruwa, domin su tare laka bakau ya sake tsirowa. An samu nasara a wasu wurare, amma shinge ba ya hana ƙasa lotsawa.

Kammalawa

A taƙaice, wannan tarihi ya nuna cewa abin da ya riƙe ƙauyen gaɓar Demak ɗaruruwan shekaru shi ne rashin dogaro da abu guda: in teku ta hana, gona ta bayar, in gona ta hana, maƙwabci ya bayar. Rake da baba na zamanin Turawa, da jatan lande na zamanin 'yanci, duk sun kawo kuɗi, amma mafi yawan kuɗin ba a ƙauye ya kwana ba, hasarar kuwa a ƙauye ta tabbata. Yunwar 1849 ta wuce, waɗanda suka tsira sun koma gonakinsu. Jikokinsu na Bedono ba su da gonar da za su koma, domin tana ƙarƙashin teku.